Murhun da ke kashe kansa

A ƙasashen sanyi irin su Italiya da Ostiriya da arewacin Amurka, gidaje da yawa sun ajiye murhun itace sun koma wani murhun ɗumama ɗaki da ke cin ƙwayoyin garin katako. Garin da ke zuba a wurin yankan katako ake tarawa, a matse shi da inji har ya dunƙule ya zama 'yan guntaye masu kaurin milimita 6, a ɗura a buhu mai kilo 15. Wani injiniya Jerry Whitfield, a jihar Washinton, shi ya fito da irin wannan murhu na gida a shekarun 1980, kuma yau Italiya ce kan gaba a Turai wajen amfani da shi.

Ana zuba ƙwayoyin a ma'aji, wani murɗaɗɗen ƙarfe yana juyawa yana sako su kaɗan-kaɗan cikin ɗan kaskon da wuta ke ci. Fanka ɗaya tana jan iska ta kora hayaƙi waje ta bututu, ɗaya kuma tana watsa ɗumi cikin ɗaki. Duka da lantarki suke aiki.

Abin da ya ja hankalina shi ne wata 'yar na'ura mai jin zafi da ke maƙale a jikin murhun. Da zarar zafi ya wuce ƙa'ida, sai ta yanke wa murɗaɗɗen ƙarfen nan wuta, ƙwayoyi su daina zuba, murhu ya mutu. Mai gida ya farka da asuba cikin ɗari, ƙanƙara a waje, yara suna makyarkyata. Ransa ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Sai dai a kan wa yake huce haushin?

Murhun ba ya zafi haka kawai. Sau da yawa ƙura da gashin kyanwa ne suka toshe fankar da ke fitar da ɗumi, zafi ya rasa mafita ya taru a ciki. Wani lokaci toka ce ta daskare a kasko ta rufe ramukan iska, ko ta cika bututun hayaƙi. Ƙwayoyi masu arha sun fi tara toka. Masu kyau, waɗanda ke ɗauke da tambarin ENplus A1, tokarsu ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, farashin buhu ya ninka a Italiya, kuma ba sai an faɗa ba, wanda aljihunsa ya matsu ba ya tsayawa karanta tambari.

Gyaran duk waɗannan shara ce da haƙuri: a bar murhu ya huce, a kankare kasko, a kwashe toka, a goge fanka, a kira mai gyara ya share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara. Amma akwai masu neman gajeriyar hanya. Sai su cire wayoyi biyun da ke jikin na'urar jin zafin su haɗa su kai tsaye. Murhu ya daina mutuwa, mai gida ya ce ya gyara. Mu ma mun san wannan dabara: fis ya ƙone, a naɗa masa waya mai kauri, wuta ta dawo, kowa ya koma kallonsa.

Alhali ba a gyara komai ba, mai tsawatarwa kawai aka rufe wa baki. Toka tana nan, fanka na nan a toshe, ƙwayoyi kuwa yanzu ba mai tsayar da zubarsu. Idan suka cika kasko suka taru har bakin hanyar da suke sakkowa, wuta na iya bin su a baya ta shiga ma'aji, inda buhu guda ko fiye yake jibge. Daga nan sai 'yan kwana-kwana.

A ganina halin ɗan Adam ne ya fi jin haushin wanda ya ce masa tsaya fiye da abin da ya sa aka ce ya tsaya. Akawun da ya ƙi sa hannu a takardar da lissafinta bai daidaita ba, shi ake kira mai taurin kai. Matar da ta ce ciwon nan na maigida ya isa a je asibiti, ita ce mai mita. Ana iya sauya wa akawu wurin aiki, amma giɓin kuɗin ba ya binsa.

Saura hayaƙi. Idan lantarki ya ɗauke alhali wuta na ci a murhu, fanka ta tsaya, hayaƙin na iya dawowa ɗaki, tare da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce dai ke kashe masu kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Don haka ake son duk gidan da ke da wannan murhu ya rataya ƙararrawar da ke gano ta.

'Yan uwa da ke zaune a Turai da Amurka, idan murhunku ya kashe kansa, ku bar wayoyin nan yadda kuka same su, ku fara da buɗe kaskon toka.