Masu zuba guba a tafki, ku ji tsoron Allah

Manomi ya gama feshin ciyawa a fadama, sai ya gangara bakin tafki, ya sauke injin feshi daga bayansa, ya ɗauraye shi, ya tuttular da farin ruwan nan a ciki. Wani kuma, wai shi masunci, gamalin yake tsiyayawa a kududdufi, ya koma inuwa yana jiran kifi ya taso ciki sama. Washegari ga kwaɗi birjik a gefen ruwa, sun kumbura, ƙudaje na bi. Wannan ɗabi'a tana yaɗuwa a fadamun Bungudu da Tsafe da bakin gulbi a Gusau, kuma ba mai tsawatarwa, don an ɗauka ran kwaɗo ba rai ba ne.

Kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, har numfashi yana yi da ita, ƙwansa kuma ba shi da ɓawo. Shi ya sa guba take saurin kayar da shi. Alhali shi ne yake kwana yana lamushe fara da tsutsa a gonar shinkafa. Indiya ta ga haka: ta yi shekaru tana sayar wa Turai cinyoyin kwaɗi, ƙwari suka addabi gonaki, dole ta hana fitar da su a 1987. Binciken da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin ɗari na dangin kwaɗi a duniya suna fuskantar ƙarewa. Namu ma ga masu kama burduddugi suna busarwa, ana lodin buhuna zuwa kasuwannin Kudu.

In wannan bai dame ku ba, to Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana wani mai magani kashe kwaɗo, ko da don haɗa magani ne. Ku kuwa don ƙyuyar tafiya taku hamsin!

Kuma ruwan nan shanu suna sha, yara suna wanka, kifin yana shiga tukunya. Mutanen Zamfara da suka binne ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 saboda gubar dalma ba sa bukatar a yi musu bayanin guba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sarakunan ruwa da masu unguwanni, alhakin yana wuyanku. Mai gamalin a miƙa shi ga hukuma. Mai feshi ya ɗebi ruwa a bokiti, ya haƙa rami nesa da tafki da rijiya, ya wanke injinsa a can, ya rufe da ƙasa.