Guntun Gatarinmu: Mu Rera "Jatau Na Kyallu" Da Kuɗinmu

Ku da kuke sammako kullum ku nufi Nassarawa GRA neman halaliyarku, masinja da akawu, direba da mai gadi, malamar makaranta da nas, tela da kafinta, mai shayi da ɗan adaidaita sahu, da ku nake. Akwai aikin da ake ganin ya fi ƙarfinku, alhali in kun tashi ba mai iya shi kamarku. Aikin kuwa shi ne mu tara kuɗi, mu ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin kwaikwayonmu na Hausa, mu mai da shi opera, wato wasan da ake rera kowace magana da kiɗa tun daga buɗe labule har rufe shi.

Na san wani zai ce, "Haba malam, ana ta kai wa yake ta kaya?" Gaskiyarka, ɗan'uwa, kasuwa ta yi zafi. Amma a ƙasar nan ma masu ƙaramin ƙarfi ne suka fara wannan sana'a. Hubert Ogunde ɗan sanda ne lokacin da ya shirya wasan waƙarsa na farko a Legas a 1944. Daga baya ya ajiye kaki, ya haɗa ƙungiya, suka riƙa bin garuruwa a mota suna rayuwa da kuɗin ƙofa. Har wasa ya yi a kan yajin aikin gama-gari na 1945, domin ya san waɗanda ke cika masa zaure. Duro Ladipo na Oshogbo ya ɗauki tarihin Sango ya rera shi da Yarbanci da gangunan garinsu, ya kira shi "Oba Koso". A 1964 wasan ya kai Balin ta Jamus. A Italiya ma, inda opera ta fi ƙarfi, tsohon wasa suke tonowa. "Otello" da Verdi ya nuna a Milan a 1887, daga wasan Shakespeare ya ɗauko shi, wasan da ya kusa shekara 300 a lokacin.

Mu kuwa rumbunmu cike yake. Akwai "Wasan Marafa" na Abubakar Tunau, da "Uwar Gulma" na Mohammed Sada, da "Tabarmar Kunya" na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano, da "Kulɓa Na Ɓarna" na Umaru Ɗanjuma Katsina. In ni za a tambaya, sai in ce mu fara da "Jatau Na Kyallu" na Shu'aibu Maƙarfi, wanda ya fito a 1960. Labarin attajiri ne da ya ƙi jin shawara, ya auro macen bariki, Kyallu, dukiya ta zube, mutunci ya bi ta. Wane ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ko Singa bai san wani Jatau ba?

Ku kwatanta yadda zai kasance. Labule ya buɗe a kan kasuwa, mutum ashirin suna ciniki cikin waƙa, wannan na tayawa, wancan na cewa albarka, kalangu na bin bakinsu. Kyallu ta shigo, goge ya tashi, kowa ya waiwaya. A cikin gida mata na kiɗan ƙwarya suna habaici, irin na amadar da Barmani Choge ta shahara da ita. Da aka zo karayar arziki, duk makaɗa suka yi shiru, aka bar Jatau shi kaɗai da kuntigi, kamar yadda Ɗanmaraya Jos ya riƙa tsare taro da ɗan ƙaramin kayan kiɗansa. Ba wani baƙon abu a nan. Duk wanda ya taɓa bin 'yan tashe daga goma ga azumi, ko ya ga Nalako da jama'arsa a Kano, ya riga ya ga wasan da ake yi da waƙa. Abin da ya rage shi ne a tsawaita shi, a tsara shi, a biya masu yinsa.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo. Ana buƙatar marubucin da zai mai da hira baitoci, da mai tsara kiɗa, da mawaƙa da makaɗa waɗanda za su yi watanni suna gwaji, kuma ba da yunwa za su yi ba. Ga sutura, ga katako da fenti, ga fitilu da lasifika, ga janareta da mansa, ga hayar zaure da ta mota. Wa zai biya?

Mun ga hanyoyi biyu. "Shehu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama wasan dandali a hannun Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Zamanin rarar kuɗin mai ne wancan, lokacin da gwamnati ke kashe wa al'adu maƙudan kuɗi ana shirin bikin FESTAC na 1977. A 2007 kuma aka nuna "Bintou Wéré" a Bamako, opera ta ƙasashen Sahel, da tallafin gidauniyar Yarima Claus ta ƙasar Holan, daga nan ta wuce Amsterdam da Faris. Aiki ne mai kyau, amma zamanin rara ya wuce, gidauniyar waje kuma ita ke zaɓen lokacin da za ta waiwayo ka. In mun zauna jira, za mu tsufa muna jira. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hanya ta uku tamu ce, a garin nan na Kano aka gwada ta. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a kaset ɗin bidiyo. Matasa ne masu sha'awa, ba su da ma'aikata ba su da baitulmali. Daga wannan ƙoƙari Kannywood ta tsiro, yau ga shi tana ciyar da gidaje bila adadin. To, mu da muka gaji adashi da gayya da ajo, sai a koya mana tara kuɗi? Ku yi lissafi da kanku. Mutum 1,000, kowa ya ajiye naira 2,000 a wata, cikin wata 6 an sami naira miliyan 12. Ba a ma taɓa Alhaji mai shago biyar ba tukuna, ba a je bankunan da ke kan titin Murtala Muhammad ba. Kuma sa'ad da za mu je gare su, da kuɗi a hannu za mu je, muna neman ciko.

Wanda ba shi da naira yana da hannu. Malam tela, ɗinkin rigar Jatau naka ne, ka zuba mata aiki har a gane attajiri tun daga kujerar baya. Marinan Ƙofar Mata su ba da shuɗi, dukawa su yi takalma da jaka. Kafinta ya haɗa rumfar kasuwa wadda za a iya kwancewa a loda a mota. Mai gyaran wuta ya kula da fitilu. Hajiya mai abinci ta ɗauki tuwon ranar gwaji sau ɗaya a mako. A rubuta kowace gudummawa da ƙimarta, a karanta sunan mai ita ranar buɗewa.

Sai dai a yi abin da tsari, don amana ce. A buɗe asusun banki da ba a cire ko kwabo sai da sa hannun mutum uku. A liƙa lissafin shiga da fita kowane wata inda kowa zai gani, a kuma tura shi ta WhatsApp. A nemi izinin masu haƙƙin littafin kafin a taɓa harafi ɗaya. A kai rubutun gaban Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun da wuri. A yi wasan da uba zai zo da 'yarsa ya zauna bai sunkuyar da kai ba. Kuma a biya mawaƙa da makaɗa haƙƙinsu cif, don su ma ma'aikata ne irinku.

Wurin farawa ma yana kusa da ku. Gidan Ɗan Hausa na nan a Nassarawa, ginin ƙasa mai kaurin bango, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makarantar boko a 1909, kuma a nan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take. A nemi izini a yi zaman farko a harabarsa. Kada a jira a gama wasan duka. A shirya fitowa ɗaya ta minti 15, a nuna wa jama'a, a ajiye faranti. Wanda ya ji da kunnensa ya fi saurin sa hannu a aljihu.

Don haka, 'yan'uwa, kowa ya koma wurin aikinsa ya nemo mutum tara, ku zama goma. Ku zaɓi ma'aji, ku sayi littafin lissafi, ku sa ranar zubi na farko a ƙarshen watan nan. Ku nemi kwafin "Jatau Na Kyallu" ku karanta tare. Allah Ya yi wa nemanku albarka, ku tashi mu fara.