Mai Buga Katin Caca: Shin Takarda Da Tawada Kawai Ya Sayar?

 

Haramcin caca ba abu ne da Musulmi biyu za su yi jayayya a kansa ba, gama ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya cikin hukunci guda. Mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce ta mutumin da bai taɓa yin caca ba, amma shi ke ƙera kayanta, watau mai buga katin nan da ake kankarewa da tsabar kuɗi ko da farce, a ga nan take ko an ci ko an faɗi. Wannan mutum yakan ce shi ma'aikacin maɗaba'a ne, takarda da tawada ya sani, bai tilasta wa kowa saye ba, kuma da guminsa yake ciyar da iyalinsa. To, ko wannan hanzari ya isa ya kuɓutar da shi? Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa, saboda haka bari mu fara da sanin katin kansa.

An fara sayar da irin wannan kati a shekarar 1974 a Jihar Masacusets ta ƙasar Amurka, a kan dala ɗaya. Waɗanda suka ƙago shi mutum biyu ne, John Koza, masanin kwamfuta, da Daniel Bower, ɗan kasuwa, a ƙarƙashin kamfanin Scientific Games. Kafin wannan lokaci mai sayen tikitin cacar gwamnati sai ya jira kwanaki kafin a fid da lambobi. Su kuwa suka lura cewa jiran nan yana sanyaya zuciyar mai saye, sai suka kawo katin da zai ba shi amsa tun yana tsaye a gaban kanti, da sauran canji a hannunsa. Abin ya karɓu ƙwarai, ya bazu cikin jihohin Amurka, ya ƙetare teku. A Birtaniya an buɗe cacar ƙasa a 1994, aka shigo da katin kankarewa a 1995. Har yanzu kamfanoni 'yan ƙalilan ne ke buga mafi yawan katunan duniya, daga cikinsu akwai shi Scientific Games mai babbar maɗaba'a a Jihar Jojiya, da kuma Pollard Banknote na birnin Winifeg a Kanada.

Aikin ba daga injin bugu yake farawa ba, daga teburin lissafi yake farawa. Tun kafin a ɗiga tawada, masu lissafi za su tsai da yawan katunan da za a buga, da kuɗin kowane ɗaya, da yawan waɗanda za su ci, da abin da kowannensu zai ci. Sa'an nan kwamfuta ta rarraba masu ci a tsakanin marasa ci, ta yadda ko ma'aikacin da ke tsaye a kan injin ba zai san inda suke ba. Daga nan sai a ɗora nadin takarda mai kauri a kan wani dogon inji, takardar tana wucewa daga mataki zuwa mataki. A fara shimfiɗa wani baƙin shafi domin kada a haska fitila ta bayan katin a ga cikinsa, a sa fari a kansa, a fesa lambobi da alamomi waɗanda suka bambanta daga kati zuwa kati, a zuba wani ruwa mai santsi a kansu don kada su goge, sa'an nan a rufe da shafin nan mai kama da danƙo wanda ake kankarewa, a ƙarshe a ƙawata samansa da launuka. Kowane kati yana da lambar sirri da za a tabbatar da shi da ita in an zo karɓar kuɗi. Babu shakka akwai gwaninta cikin wannan aiki, kuma ba a hana kowa yaba gwaninta.

Amma mu koma ga teburin lissafin nan, gama a can maganar take. A galibin waɗannan wasanni, abin da ake mayar wa masu saye yakan tsaya tsakanin kashi 60 zuwa 70 da wani abu cikin ɗari. A ƙaddara, a bisa misali, an buga kati miliyan ɗaya, kowanne naira 100, jimla naira miliyan 100 ke nan. In aka tsai da cewa miliyan 65 za a mayar, to masu saye a dunƙule sun riga sun yi hasarar miliyan 35 tun ba a kankare ko kati ɗaya ba. Mai saye yana tsammanin sa'arsa yake gwadawa, alhali kuwa an gama rabon tun a maɗaba'a. Wani abu da ya faru a Kanada a 2003 ya nuna haka a fili. Wani masanin ƙididdiga na birnin Toronto, Mohan Srivastava, ya lura cewa lambobin da ke bayyane a fuskar wani irin kati suna tona abin da ke ƙarƙashin shafin, har yana iya ware masu ci kusan sau tara cikin goma ba tare da ya kankare ba. Ya sanar da hukumar cacar, ita kuwa ta janye katin daga kasuwa.

Bayan wannan kuma akwai dabarun da ake ginawa cikin katin da gangan. Ana tabbatar da cewa kowane ƙunshi da za a kai kanti yana ɗauke da 'yan ƙananan ci, da yawansu kuwa kuɗin katin ne kawai ake mayar wa mutum, shi kuma sau da yawa a nan take zai ƙara sayen wani da su. Haka nan akan sami katin da alamu biyu na babban ci suka fito, ta uku ce kaɗai ta ƙi, sai mai saye ya ce saura ƙiris. Babu wani ƙiris, katin faɗuwa ne tun ranar da aka buga shi. Masu binciken halayyar ɗan Adam a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun nuna cewa irin wannan kusan-ci yana ƙara wa mutum ƙwaɗayin sake saye. Wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi wa zuciyar talaka.

Masu karatun Larabci za su ga cewa abin ba baƙo ba ne. Kalmar da Alƙur'ani ya kira caca da ita ita ce maisir, kuma da yawa daga malaman tafsiri sun ce daga yusru aka ciro ta, watau sauƙi, domin ana cin dukiyar wani ne ba da wahala ba. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekara ta 276 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan yadda Larabawan jahiliyya suke yin ta. Sukan yanka raƙumi, su kawo kibau goma marasa tsini. Bakwai suna da rabo, daga mai kashi ɗaya har zuwa mai kashi bakwai, wadda ake kira mu'alla, uku kuwa ba su da kome. Sai a zuba su cikin jakar fata, a ba wani mutum ya riƙa fid da su ɗaya bayan ɗaya, an naɗe masa hannu don kada ya gane kibiya da taɓawa. Waɗanda suka faɗi su ke biyan kuɗin raƙumin. Jakar nan da naɗin hannun nan su ne shafin kati na yau, kibau marasa rabo kuwa su ne tarin katunan da ba su cin kome.

Masu kare wannan sana'a sukan ce ai ribar tana tafiya ne ga ayyukan alheri. Gaskiya ne a Masacusets ana raba wa garuruwa kuɗin, a Birtaniya kuma ana ware wani kashi don wasanni da ayyukan taimakon jama'a. To, Larabawan nan ma haka suke, wanda ya ci yakan rabar da naman ga matalauta a lokacin hunturu da yunwa, har suna zargin wanda ya ƙi shiga wasan da rowa. Duk da haka aya ta 219 ta Suratul Baƙara, wadda ta yarda akwai wani amfani a ciki, ta nuna cewa zunubin ya rinjayi amfanin. Ba a wanke najasa da fitsari. Su kansu hukumomin da ke cin ribar sun san da cutarwar, shi ya sa Birtaniya ta ɗaga shekarun mai saye daga 16 zuwa 18 a 2021.

Yanzu ga inda mas'alar ta yi wuya. Mu nan Nijeriya mun daɗe da sanin katin kankarewa ta wata fuska, tun da wayar hannu ta shigo a 2001, watau katin waya, haka nan katin duba sakamakon jarrabawa. Dabarar bugun iri ɗaya ce, shafin iri ɗaya ne, har inji guda yana iya buga duka biyun. Me ya halatta wannan ya haramta wancan? Amsar tana ga wanda ake ɓoye wa abin. Mai sayen katin waya na naira 100 ya san na naira 100 ne a ciki, shafin yana tsare masa haƙƙinsa daga ɓarawo. Mai sayen katin caca kuwa shi ne ake ɓoye wa, kuma jahilcinsa na abin da ke ciki shi ne hajar da ake sayar masa. Da za a cire shafin daga katin waya, mai saye ne zai yi kuka. Da za a cire shi daga katin caca, mai sayarwa ne zai yi kuka, domin babu mai taɓa katin da ya ga ba shi da kome. Wannan shi ne garari, cinikin abin da ba a san makomarsa ba, wanda hani ya zo a kansa cikin hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim.

Kada kuma a ɗauka cewa kowace ƙuri'a caca ce. Aya ta 44 ta Suratu Ali Imrana ta ambaci ƙuri'ar da aka yi a kan renon Nana Maryamu, kuma ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. A nan babu wanda ya zuba kuɗi, babu wanda ya ci dukiyar ɗan'uwansa. Bisa wannan ne da yawa daga malaman zamani suka sassauta a kan katin kyauta da ɗan kasuwa ke sawa cikin kayansa, da sharaɗin ba a ƙara wa kayan kuɗi ba, kuma mai saye don bukatar kayan ya saya.

To, ina matsayin mai bugawa? Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya kasa hanyoyin da ke kaiwa ga ɓarna kashi uku cikin littafinsa Al-Furuƙ. Akwai waɗanda kowa ya yarda a toshe su, kamar haƙa rijiya a kan hanyar jama'a. Akwai waɗanda kowa ya yarda a bar su, kamar noman inabi, ko da yake ana iya yin giya da shi. Akwai kuma waɗanda aka yi saɓani a kansu. Mai yin takarda da mai haɗa tawada da mai ƙera inji suna cikin sahun manomin inabi, gama kayansu suna da amfani dubu. Amma su malaman Malikiyya ɗin nan sun hana sayar da inabin ga wanda aka san giya zai matsa. Katin caca kuwa ya wuce nan, domin ba shi da wani amfani na biyu, daga maɗaba'a ya fito a matsayin caca. Mu tuna kuma hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, inda aka la'anci mutum goma a kan giya, ɗaya ne kaɗai daga cikinsu mashayi, da hadisin Jabir a Sahihu Muslim inda laifin riba ya haɗa har da marubuci da shaidu biyu. Marubucin nan ma alƙalami da takarda kaɗai ya riƙe. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta tattara wannan duka inda ta hana taimakekeniya a kan saɓo.

Sai dai adalci ya wajaba, laifin ba ɗaya ba ne. Mai kamfani da ya karɓi kwangilar da mai tsara lissafin ci da faɗuwa sun fi kusa da zunubin, sa'an nan mai tuƙa injin, sa'an nan mai gadi da mai shara a maɗaba'ar da ke buga abubuwa iri iri. Ma'aikacin da ke da iyali, in akwai sashen katin waya ko littattafai a wurin, ya nemi a mayar da shi can. In babu, ya tashi tsaye neman wani aiki da gaske, zuciyarsa tana ƙin abin, kada ya mai da lalura wurin zama. Mai maɗaba'a kuwa da aka kawo wa irin wannan aiki, shi ba shi da wannan uzuri, ƙin karɓa yana hannunsa.

Kada kuma takardar izini ta ruɗi kowa. Nijeriya ta yi dokar caca ta ƙasa a 2005, sa'an nan a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sha'anin na jihohi ne, dokar tarayya ba ta wuce Abuja ba. Wannan magana ce ta wanda ke da ikon ba da lasisi da karɓar haraji. Halal da haram kuwa ba a can ake yanke su ba.

Wanda Allah Ya ba basirar da zai iya rufe sirri a ƙarƙashin shafi har ɓarawo ya kasa gani, ƙasa tana bukatarsa a wurin takardun jarrabawa, da takardun shaida, da lambobin da ake kankarewa a jikin kwalin magani don gane na jabu. Ƙofar halal a buɗe take, kuma da gwaninta guda ake shigarta.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya wadatar da mu da halal ɗinSa, Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.