Wa Ya Yi Zunubi, Har Daji Ya Kama Ta?

Ya ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya, ka amsa a zuciyarka. In mace ta bar ƙasarta da danginta, ta ba da dukan ranta ga aikin bishara, sa'an nan ciwon daji ya kama nononta, me za ka ce? Allah ya manta da ita ne, ko kuwa akwai wani zunubi da ta ɓoye?

Ba tatsuniya nake yi maka ba. An haifi Isobel Kuhn a ƙasar Kanada a 1901. A 1928 ta tafi ƙasar Sin, daga baya ita da mijinta suka zauna cikin wata kabila mai suna Lisu, mazauna duwatsu, manoma kamarmu. Da damina, sa'ad da hanya ba ta biyuwa, sai su tara mutane suna koya musu Maganar Allah. Da mulki ya sāke a Sin ta fita a 1950, ta ci gaba da aikin cikin Lisu na ƙasar Tailan. A 1954 likitoci suka tarar da daji a nononta. Aka yi mata aiki, aka kai ta Amurka jiyya. Masu bi da yawa suka yi ta addu'a dominta, duk da haka ta rasu a 1957. Cikin shekarun nan na ciwo ta rubuta littattafai waɗanda har yau ake karantawa.

To, wa ya yi zunubi? Abokan Ayuba sun tabbata laifinsa ne ya jawo masa gyambuna, amma a ƙarshe su Ubangiji ya tsauta wa (Ayuba 42:7). Almajirai ma sun yi irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, Yesu kuwa bai ɗora laifin a kansa ko a kan iyayensa ba (Yohanna 9:1-3). Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya bar abokin aikinsa Tarofimas kwance ba lafiya a Militas (2 Timoti 4:20). Jikin mai bi ƙasa ne kamar na kowa. Wanda ya ga 'yar'uwa tana ciwo ya shiga ƙirga mata laifofi, ya hau kujerar da ba tasa ba.

Mu mutanen Madarumfa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Kakanninmu sun ce kuturta la'ana ce. A 1956 aka buɗe asibitin kutare na Danja, nan kusa da mu. Yau mun sani ƙwayar cuta ce ke kawo ta, magani kuma yana kashe ta. Mutane nawa aka ƙi cin tuwo da su a kan abin da ba laifinsu ba ne!

Akwai kuma masu cewa, wanda ya ba da gaskiya ba ruwansa da likita, addu'a ta isa. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka Littafi ya koya mana ba. Sarki Hezekiya ya yi addu'a da kuka, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:1-7). Kai ma kana roƙon Allah abinci, amma ran da ruwan shuka ya sauka ba ka kwana a ɗaki. Isobel ta miƙa ranta ga Ubangiji, ta kuma kwanta a gadon likita, ba ta ga saɓani tsakaninsu ba.

Yanzu da ke nake, 'yar'uwa. A ƙauyukanmu akan ce daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya bazu. Saboda wannan magana, da kuma kunya, mace takan ɓoye ƙullutu wata da watanni, tana shafe-shafe, tana zuwa wurin boka, sai ya fashe yana wari kafin a ɗauke ta a amalanke. In ta mutu a ce ai likita ne ya taɓa. A'a, jinkiri ne ya taɓa. Sau da yawa ƙullutun daji ba ya zafi da fari, shi ya sa ake raina shi. In kin ji wani tauri a nono ko a hammata, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini yana fita, ko fatar ta zama kamar ɓawon lemo, ki faɗa yau. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma ba mai iya rarrabewa da hannu; sai likita ya ɗebi ɗan nama an auna.

Ba zan yi miki alkawarin da Allah bai yi ba. Isobel ta sami likitoci, ta kuwa mutu. Sai dai maganin 1954 ba shi ne na yau ba, mata da yawa da aka tarar da nasu da wuri suna nan suna goyon jikoki. Akwai asibiti a Maraɗi, akwai na Galmi da mishan ta buɗe a 1950, tun 2021 kuma ana gashin daji da na'ura a Yamai.

Kai kuma maigida, daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kada ka raba mata ƙwarya. In likita ya ce sai an cire nonon, matarka ce har yanzu, wadda ka yi alkawari a gaban ikilisiya za ka riƙe cikin lafiya da cikin ciwo. Kuɗin mota da na magani suna da nauyi, na sani. Ka sayar da tunkiya tun ƙullutun yana kamar gyaɗa, ka gaya wa dattawan ikilisiya da zumuntar mata su kama maka, a kuma sami wadda za ta riƙe yara har ku dawo.