Wahalar da Ake Haya

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya akwai wata sana'a da ta bunƙasa ƙwarai, musamman daga shekarar 2020 lokacin da annobar korona ta tsayar da jiragen sama ta rufe otal-otal, wato bayar da hayar mota mai ɗaki. Wata motar ba ta wuce girman hayis ba, wata kuwa ta kai ƙaramar bas, sai dai an cire kujerun baya an sa gado da murhun gas da ɗan firji da tankin ruwa, wani lokaci har da masai. Magidanci zai biya kuɗin mako ɗaya ko biyu, ya ajiye jingina saboda ɓarna, ya kwashi iyalinsa su kama hanya, yau su ya da zango a bakin tafki, gobe a gindin dutse. Da yawansu ba su taɓa kwana a daji ba sai a wannan karon, kuma sukan dawo suna cewa sun gano cewa ashe ɗan Adam ba ya bukatar tarkace da yawa kafin ya rayu.

Abin ba baƙo ba ne gare mu ƙwarai. Manyanmu suna tuna Turawan da ke ƙetaro Sahara a shekarun 1970 da 1980 cikin motocin Volkswagen masu gado, su biyo ta Tamanrasset da Arlit da Agadas da Damagaram, su sauka a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai a Kano, har zuwa farkon shekarun 1990 da tawayen Buzaye a Nijar da yaƙin basasar Aljeriya suka kashe hanyar. Tambayar da mutane ke yi a lokacin ita ce, me ya yi zafi mai gida da abin hannu zai zo yana kwana cikin mota? Tamu tambayar ta ɗan bambanta. Shin mutum yana iya hayar wahala da kuɗinsa, ya kuma koyi abin da wahala ke koyarwa?

Bari mu fara ba masu wannan yawo haƙƙinsu, domin akwai abin da suke samu na gaske. A Ingila mutum ɗaya yakan ɓatar da ruwa kimanin lita 140 a yini, bai kuwa san ya ɓatar ba, tun da famfo ba ya gaya masa. To, tankin ƙaramar motar zango lita 30 ne ko kusa da haka, wato jarka ɗaya da ɗan ɗori, kuma da shi za a dafa, a sha, a wanke kwano, a yi wa yara wanka. Kafin kwana biyu mutum ya fara auna ruwa da kofi. Haka kuma akwatin masai idan ya cika, shi ne zai zaro shi da hannunsa ya kai ramin da aka tanada ya juye. Wanda tun haihuwarsa ƙazantarsa ke ɓacewa da danna maɓalli, ranar nan zai san nauyinta. Mu da ke jiran ɗan ga-ruwa kowace safiya muna iya yin dariya, domin wannan darasi kyauta muke samunsa, har ya yi mana yawa. Amma dariyar ba ta soke darasin ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a takardar hayar akwai ranar mayar da mota. Mai hayar ya san ranar Lahadi da ƙarfe kaza zai miƙa makulli, ya koma gidansa mai famfo da ɗumi. Sanyin da ya kwana a ciki sanyi ne, amma ba ya tare da fargabar gobe, alhali kuwa fargabar gobe ita ce rabin talauci, ko ma fiye. Mai ƙishirwar da ya san inda rijiya take, da wanda bai sani ba, maƙogwaronsu ɗaya ne amma zuciyarsu ba ɗaya ba ce.

Tun asalin abin haka yake. Wanda ake ɗauka shi ya fara yawon shaƙatawa da ɗaki mai taya shi ne wani likitan sojan ruwa ɗan Sukotlan, William Gordon Stables, wanda ya sa aka ƙera masa keken doki mai ɗaki, ya tashi daga kudancin Ingila a 1885 har Inverness. Ya kwaikwayi rayuwar mutanen nan da Turawa ke kira Jifsi, su kuwa suna kiran kansu Romani, har yana yi wa kansa kirari da Jifsin manyan mutane. Sai dai shi Jifsin nan yana tafe ne da mai kora masa dawaki, da kuma baransa mai yi masa hidima. Ya ɗauki keken da hanyar da wutar dare, ya bar wa masu abin korar da ake yi musu daga gari zuwa gari.

Korar kuwa ba ta tsaya a zamaninsa ba. A 1968 majalisar Birtaniya ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin tanadar wa Jifsi wuraren sauka, a 1994 aka ɗauke musu wannan nauyi. A 2022 kuma aka yi dokar da ta mayar da zama cikin mota a filin wani ba da izini ba laifi a Ingila da Wales, idan an ga ya jawo ɓarna ko damuwa mai yawa aka ce mutum ya tashi ya ƙi, hukuncinsa ɗaurin da zai kai wata 3, ko tarar fam 2,500, kuma ana iya ƙwace motar. A rubuce dokar ba ta ware kowa ba. Amma wanda aka ƙwace wa motar haya ya yi asarar hutu ne, wanda aka ƙwace wa tasa kuwa ya yi asarar ɗakin kwanan 'ya'yansa. A Amurka ma wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta fitar da littafinta Nomadland a 2017 a kan dattawan da karayar tattalin arziki ta 2008 ta raba da gidajensu, suka koma cikin motoci suna bin aikin ƙodago na lokaci-lokaci, a rumbunan kamfanin Amazon ko gonakin gwozar sukari. Wasunsu aikinsu shi ne tsaron sansanonin shaƙatawa, wato su ne ke wanke ban-ɗakin waɗanda suka zo ɗanɗana rayuwar mota ta mako guda.

To, sai mu yanke hukunci cewa wahalar haya wasan yara ce? A nan muke so mu ja birki, domin akwai misali a gidanmu da ke hana mu gaggawa. Mai azumi ya san lokacin da yunwarsa za ta ƙare, har minti nawa ya rage yana dubawa, kuma kunu da ƙosai suna jiransa. Duk da haka malamai sun sha gaya mana cewa daga cikin hikimomin azumi akwai mawadaci ya ɗanɗana abin da matalauci ke ji. Ba muna haɗa ibada da yawon buɗe ido ba ne, Allah ya kiyaye. Abin lura kawai shi ne, wahala mai wa'adi tana iya koyarwa, amma ba a bar ta ta tsaya a cikin mai azumi ba, sai da aka biyo ta da zakkar fid-da-kai, mudu ya fita daga gidan wanda ya yi yunwar wa'adi ya shiga gidan wanda tasa ba ta da wa'adi. A ganinmu nan ne ma'aunin yake. Idan magidancin nan ya dawo daga yawonsa, aka kira taron unguwa a kan ko za a yarda a ware wa Jifsi fili kusa da su, hannun da zai ɗaga shi zai nuna ko ya koyi wani abu a hanya, ko kuwa hotuna kawai ya kwaso.

Mu marubuta wannan magana ta fi shafarmu, domin sana'armu cike take da rayuwar aro. Ɗayanmu zai je ruga ya yini biyu, ya sha nono, ya dawo ya rubuta littafi a kan Fulanin tashi kamar da shi aka yi mashekari da marumta, bai taɓa ganin an tare burtali da shuka ba, bai taɓa kwana da tunanin inda shanu za su sha gobe ba. Zuwan ba laifi ba ne, ya fi zama a ɗaki ana ƙirƙira. Laifin yana wajen ɓoye wa mai karatu cewa yini biyu ne.

Ko manya ba su tsira ba. A 1960 John Steinbeck, yana da shekara 58, ya sa aka ɗora masa ɗaki a bayan a-kori-kura, ya ɗauki karensa Charley ya zagaya Amurka, tafiyar kimanin mil 10,000. Littafin tafiyar ya fito a 1962, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel, kuma jama'a suka karanta shi a matsayin labarin dattijo shi kaɗai yana kwana a bakin hanya yana hira da talakawa. A 2010 wani ɗan jarida, Bill Steigerwald, ya bi sawun tafiyar, ya gwada ta da wasiƙun marubucin da rubutunsa na farko, sai ya tarar darare da yawa a otal aka yi su, wasu ma otal na alfarma, kuma matarsa tana tare da shi a wani babban ɓangare na hanyar. Da aka sake buga littafin a 2012, sai gabatarwar ta amsa cewa marubucin ya yi amfani da 'yancin mai ƙaga labari. Masu kare shi sun ce abin da ya hango game da ƙasarsa gaskiya ne ko a ina ya kwana, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Sai dai mai karatun da ya sayi littafin a 1962 ba a ba shi zaɓin ya auna wannan da kansa ba. Motar dai an ajiye ta a gidan tarihin Steinbeck da ke Salinas, garin haihuwarsa a Kalifoniya, masu ziyara suna leƙa cikinta.