Kawo In Yi Miki

Kwamfutata ta kai shekara tara a hannuna. A kanta na rubuta takardun neman aiki lokacin da muka dawo Manchesta, a kanta nake rubuta bayanan da hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wato NMC, take nema duk bayan shekara uku kafin ta sabunta wa mutum rajista: awa 35 na ƙarin karatu, da rubutun nazari guda biyar a kan aikinka. Ba ta da ciwon komai sai tsufa. Amma ranar 14 ga Oktoba, 2025 aka daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, ita kuwa kayan cikinta ba su kai ta ɗauki Windows 11 ba. Zaɓi biyu na gani a gabana: in sayi sabuwa, ko in ci gaba da zama a gidan da aka cire wa ƙyaure.

Babban ɗana ne ya kawo na uku. Ya zo hutun ƙarshen mako daga jami'a da ɗan filash a aljihu, ya ce, "Mama, ba sai kin sayi wata ba. Bari in sa miki Linux Mint, kyauta ce." Ya kwashe min hotuna da takardu ya ajiye gefe, ya goge tsohuwar manhajar, ya ɗora sabuwa. Kafin in sauke miyar kuka an gama. Ranar Lahadi ya hau jirgin ƙasa ya koma, ya bar ni da kwamfutar da na san kowane tabo a jikinta amma ban san hanyar ko'ina a cikinta ba.

An ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Word babu, sai wata mai suna LibreOffice, wadda take yin aikin amma ta sauya wa komai mazauni, kamar an shiga kicin ɗinki an mayar da gishiri inda kike ajiye sukari. Wannan na jure. Firinta ce ta kayar da ni. Tsohuwa ce ita ma, kwamfutar ta ƙi ganin ta. Na kira yaron a waya, ya ce in buɗe taminal, wani baƙin allo da babu hoto babu maɓalli, sai ɗan layi yana ƙyaftawa. Ya karanto min abin da zan rubuta, na rubuta. Aka nemi kalmar sirri. Na danna haruffan, allon bai nuna komai ba, ko ɗigo. Na sake. Shiru. Sau huɗu ina gogewa ina sakewa, har na yanke cewa na lalata madannan. Ashe haka tsarin yake: yana karɓar abin da kake rubutawa, ɓoye shi kawai yake yi don kada na bayanka ya ƙirga haruffan. Wanda ya sani ba zai taɓa tunanin ya gaya maka wannan ba, domin shi ya manta akwai ranar da bai sani ba.

Da ya dawo bayan mako biyu, na zaunar da shi na ce ya nuna min. Na fara rubutawa da yatsa biyu, ina duba takarda ina duba allo. Bai kai minti ɗaya yana kallona ba ya miƙo hannu.

"Mama, kawo in yi miki."

Ya ja kwamfutar gabansa, yatsunsa suka yi ta gudu, rubutu ya yi ta zuba, firinta ta yi ƙara ta tofo takarda. Na ce Allah ya yi albarka, da gaske kuma nake. Amma wallahi da na kwanta a daren nan wani abu ya tokare min a ƙirji. An yi min alheri, buƙatata ta biya, to me ya sa nake jin kamar an ƙwace min wani abu?

Amsar a wurin aiki na same ta, kuma ba ta yi min daɗi ba. Cikin aikina akwai koya wa masu ciwon suga yi wa kansu allurar insulin da alƙalamin nan na allura. Matakan ba su da yawa: ka ɗaura sabuwar allura, ka fitar da awo biyu a iska don ka tabbatar maganin yana fita, ka murɗa zuwa adadin da aka rubuta maka, ka soka a ciki ko cinya, ka danna, ka ƙirga goma kafin ka zare, gobe ka sauya wuri. Ni a rabin minti nake gamawa. Akwai wani dattijo, ba zan faɗi abin da zai sa a gane shi ba, wanda hannunsa yake ɗan rawa. Ya ɗauki alƙalamin yana kokawa da murfin allurar, ni ina kallon agogo, mutum uku suna jira a waje. Sai na ji bakina ya ce masa, "Baba, kawo in yi maka." Na karɓa, na yi, na yi masa murmushi, ya yi godiya. A takarda na rubuta cewa an nuna masa. An nuna masa ɗin kuwa, kamar yadda aka nuna min firinta. Ya koma gida yana jiran 'yarsa ta taso daga aiki kafin ya ci abincin dare, domin ita ce mai yi masa allurar.

Abin da ya sa labarin kwamfutar ya fi yi min nauyi shi ne asalin ita wannan manhajar. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU, bisa ra'ayin cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya yi aiki da ita yadda ya ga dama, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan tsarin, wanda aka sa wa suna Linux. Ita Mint da ke kwamfutata a kan Ubuntu aka gina ta, Ubuntu kuma a kan Debian, kowa ya ɗora a kan aikin na gabansa ba tare da ya nemi izini ba. Duk wannan ginin an yi shi ne don kada mai kwamfuta ya zama ɗan amshin shatan kowa. Ga ni kuwa, an ba ni wannan 'yancin gaba ɗayansa, amma abin da ya sauya kawai shi ne da kamfani nake jira, yanzu ɗana nake jira. An buɗe min ƙofa, ba a koya min hanyar ɗakunan ba. Daidai yake da takardar bayani da ke cikin kwalin magani: komai an rubuta, ba a ɓoye komai ba, amma ga wanda ba a zauna an warware masa ba, takarda ce kawai da ake naɗe ragowar ƙwaya da ita.

Saboda haka na fara tunanin cewa sani wani irin iko ne, kuma mai shi yana iya riƙe shi ba tare da mugun nufi ba. Ɗana ba ya son ya mallake ni. Ni ma ban so dattijon nan ya dawwama a hannun 'yarsa ba. Gaggawa ce, da tausayi, da kuma wani abu da ba ma son faɗa: kallon mutum yana fama da abin da kai ka iya yana da gundura, yin abin da kanka kuma yana da daɗi, domin a ƙarshe kai ake gode wa. "Kawo in yi maka" tana biyan buƙatar yau, tana kuma tabbatar da cewa gobe ma za a neme ka. Hausawa da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, mai aro suke yi wa nasiha. Ni ina ganin mai gatarin ma yana da nasa kason: in har kana da halin taimaka wa maƙwabcinka ya ƙera nasa guntun, sai ka zaɓi ka riƙa ba shi aro kullum, to alherin naka akwai abin dubawa a ciki.

Na san za a ce na cika tsanani, kuma akwai gaskiya a ciki. Wani lokacin karɓewa ce daidai. Idan sugan mutum ya faɗi ƙasa yana gumi yana rawa, ba lokacin darasi ba ne, abu mai zaƙi za ka ba shi nan take. Idan takardar da zan buga ta gobe da safe ce, to a buga min, karatu ya biyo baya. Sannan ba kowa ne yake son ya koya ba, kuma wannan haƙƙinsa ne. Ni ban san yadda injin motata yake aiki ba, ba na kuma jin na tauye kaina don na kai wa makaniki. Rayuwa ba za ta isa mutum ya iya komai ba. Da amana muke rayuwa da juna. Akwai tsoffin da suka gaya min ƙarara cewa sun fi son 'ya'yansu su yi musu allurar, domin wannan minti biyar ɗin ne kaɗai suke ganin yaran a rana. Wa zai ce sun yi kuskure?

Abin da nake ƙi shi ne a yanke wa mutum hukunci ba a tambaye shi ba. Ni na ce a nuna min, aka yi min. Dattijon ya zo ne a koya masa, na yi masa. A duka biyun wanda ya sani ya dubi jinkirin ɗan koyo ya fassara shi da gazawa, alhali jinkirin nan shi ne koyon. Tambaya ɗaya ta isa ta raba gardama: kana so in yi maka, ko kana so ka iya? In ya zaɓi na biyu, to hannunka ya koma cinyarka, ko da zuciyarka tana ƙaiƙayi.

Shi ma ɗan koyo da nasa nauyin, kada in ɗora wa yaro laifi duka. A aikinmu doka ce ba ka ba mara lafiya maganin da ba ka san aikinsa ba, ko da likita ne ya rubuta. Amma ni ɗin nan na zauna ina kwafar umarni cikin baƙin allo ban san me suke yi ba, wasu ma da kalmar sudo a gabansu, wadda take ba umarni cikakken ikon taɓa kowane sashe na kwamfutar. Girman kai ne ya hana ni cewa ban gane ba. Mace mai shekara arba'in da 'yan kai, mai digiri, wadda ɗalibai suke bi a baya a asibiti, ta tsaya tana tambayar yaron da ta goya ma'anar kalma mai harafi huɗu? Sai da na haɗiye wannan kafin komai ya tafi.

Yanzu mun yi yarjejeniya da shi. Idan ya zo, ni ce a gaban kwamfuta, shi yana gefe da kofin shayi a hannu biyu, don kada hannun ya sami sarari. Duk abin da zan rubuta sai ya gaya min aikinsa tukuna, ni kuma in rubuta a ɗan littafina da Hausa. A shafin farko akwai: sudo apt update, tambayo jerin sababbin gyare-gyare, ba ya sauya komai. A ƙasansa: sudo apt upgrade, wannan shi ne mai ɗora su, karanta kafin ki amince. A ƙasa kuma da jan biro: kalmar sirri ba ta fitowa, ci gaba da rubutu. Yana shan wahala, ina gani. Ran nan na ɗauki kusan minti goma ina neman kuskuren da ashe tazara ɗaya ce na manta tsakanin kalmomi biyu, shi ya gani tun farko, ya yi ta juya cokali a shayin da babu sauran sukarin da zai narke.

Dattijon kuwa ya dawo bayan wata guda. Na roƙi abokiyar aikina ta karɓar min mutum biyu na gaba, na ja kujera na zauna, na ajiye alƙalamin a gabansa. Murfin allurar ya faɗi ƙasa sau biyu. Ya ɗago ya dube ni, yana jiran in miƙo hannu kamar wancan karon. Na ce, "Baba, ba sauri muke ba, ga wata allurar." Minti goma sha ɗaya ya ɗauka. Da ya zare, sai ya ce in ba shi takarda ya rubuta matakan da hannunsa, domin rubutun da ke jikin tamu takardar ya yi masa ƙanana.