Amanar da Ba Ta da Albashi

Ɗan'uwa mai karatu, ga tambayar da ya kamata ka auna kafin ka karɓi kowace hidima ta sa kai: mutumin da ba a biyansa ko kwabo, shin nauyin da ke wuyansa ya fi na mai albashi sauƙi? Da yawanmu haka muke zato. Mukan ce ai taimako yake yi, kada a matsa masa. Bari mu gwada wannan zato da wani aiki da ake yi a Ingila.

A can, makarantar da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma tana da majalisar da ke sa mata ido. Ana kiran membobinta gwamnonin makaranta, amma ba su da jiniya, ba su da albashi. Cikinsu akwai iyayen da 'yan'uwansu iyaye suka zaɓa, da wakilin ma'aikata, da shugaban makarantar. A makarantun Ikilisiyar Ingila, ikilisiya takan naɗa nata mutanen, sau da yawa har da limamin unguwar, domin su kiyaye manufar da aka kafa makarantar a kanta. Wa'adinsu yawanci shekara 4 ne, kuma wajibi ne su zauna aƙalla sau 3 a shekara. Tun dokar ilimi ta 1988 aka danƙa musu kasafin kuɗin makaranta. Su ne ke ɗaukar shugaban makaranta aiki, su ne kuma ke tambayarsa yadda karatun yara yake tafiya.

Ka duba abu ɗaya daga cikin ayyukansu. Idan shugaban makaranta ya kori yaro kora ta dindindin, dole su zauna cikin kwanakin makaranta 15, su saurari iyayen, su duba hujja, su yanke ko za a mayar da yaron. To, ka sa kanka a wannan kujera. Shugaban abokinka ne, ka san wahalarsa da ƙoƙarinsa. Uwar yaron kuwa ba ta iya tsara magana ba, ba ta da mai tsaya mata. Idan ka goyi bayan abokinka ba tare da ka karanta takardun ba, rashin albashinka zai rage wa yaron nan asararsa? Ko kaɗan. Shekarar karatun da ta wuce shi ba ta dawowa. Ashe nauyin amana yana bin girman abin da aka danƙa maka ne, yaro kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Wataƙila ka ce, me ɗan kasuwa ko ma'aikaciyar asibiti suka sani game da koyarwa, har da za su titsiye ƙwararre? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Maganarka tana da gaskiya, shi ya sa aikin yake da iyaka. Ba a ce gwamnan makaranta ya shiga aji ya gyara wa malami darasi ba. Tafiyar da makaranta yau da gobe aikin shugabanta ne. Nasa aikin tambaya ce: ina kuɗin nan ya tafi? Me ya sa 'ya'yan marasa hali suke baya a karatu? Wa yaro zai gaya wa idan an cuce shi? Wanda ya daɗe cikin ɗaki yakan saba da yoyon har ya daina ganinsa, sai baƙo ya shigo ya nuna.

Rashin albashi ma yana ba mutum 'yanci, gama ba ya tsoron a taɓa abincinsa. Amma akwai abin da yake tsoron rasawa: gaisuwa, da zumunci, da sunan mutumin kirki marar tada zaune tsaye. Nan ne jarabar take. Shiru yakan sa rigar tawali'u, alhali tsoro ne a ciki. Ƙaunar da ba ta iya tambayar aboki gaskiya ta bar yaran ba mai tsaro, ta kuma bar abokin cikin kuskurensa.

Mu ma a Najeriya muna da kwamitocin kula da makarantun gwamnati, inda iyaye da malamai da shugabannin gari da na addini suke zama tare, ga kuma makarantun da ikilisiyoyinmu suka gina. Idan aka kira ka, kada ka karɓa domin a ga sunanka a takarda. Ka lissafta ko za ka halarci zama, ka karanta lissafin kuɗi, ka yi tambaya cikin ladabi, ka kuma riƙe asirin iyalan da maganarsu ta zo gabanka. In ba za ka iya ba, ƙin karɓa ya fi. In kuwa ka karɓa, Ubangiji ya ba ka ido mai gani da bakin da ba ya jin nauyin gaskiya.